Daga Ƙiriniya Zuwa Zinariya: Yadda Harbin Kibiya A Makaranta Ya Gyara Wani Yaro A Koriya

A kowace makaranta, kai a kowane aji ma, ba a rasa yaro guda wanda benci ba ya riƙe shi. Yanzu ya tsokani na gabansa, an jima ya ja rigar na gefensa, in malam ya yi magana ɗaya shi yana da tambaya uku. Malamai su ce mai ƙiriniya ne, iyaye su ce ba ya jin magana. Duk mun san inda labarin irin wannan yaro yakan ƙare a unguwanninmu. Za a fara da bulala. In bulala ta ƙi, sai uba ya ce boko bai karɓe shi ba, a cire shi a kai shi kasuwa, ko gareji, ko tasha.

A wannan wata mun kawo wa masu karatu labarin wani yaro mai irin wannan hali a ƙasar Koriya ta Kudu, wanda makarantarsa ta bi da shi ta wata hanya dabam. Sunansa Kim Je-deok. An haife shi a shekarar 2004, kuma yana da shekara 17, yana ɗan sakandare, ya ci lambar zinariya biyu a gasar Olamfik ta harbin kibiya. Zinariyar kowa ya gani a talabijin. Abin da ya kamata mu iyaye da malamai mu duba shi ne shekara takwas ɗin da suka gabace ta, da kuma abin da ya biyo bayanta.

GARIN MAHARBA

Kim ya tashi a Yecheon, wata gunduma ta manoma a lardin Gyeongsang ta Arewa, wadda mutanenta ba su kai dubu 60 ba. Tun zamanin da, an san wurin da masu sana'ar haɗa baka na gargajiya. Amma abin da ya fito da sunan garin a duniya ya faru ne a 1979, lokacin da wata ɗalibar makarantar sakandaren 'yan mata ta garin, mai suna Kim Jin-ho, ta je gasar duniya a birnin Balin na Jamus ta zama zakara. Daga baya aka gina babban filin harbi a garin aka sa masa sunanta. Saboda haka yaron Yecheon yana tashi ne yana ganin harbin kibiya kamar yadda namu yaran ke ganin ƙwallo.

A Koriya, makarantun firamare da dama suna da ƙungiyar harbin kibiya, da mai horarwa wanda aikinsa ke nan. Yaro ya fara a firamare, ya wuce ƙaramar sakandare mai ƙungiya, daga nan babbar sakandare, sa'an nan jami'a ko ƙungiyar wani kamfani ko ta hukumar gari. Kowace shekara ana gasar yara ta ƙasa baki ɗaya, inda larduna ke karawa. Tun 1985 kuma kamfanin motoci na Hyundai yake ɗauke da nauyin ƙungiyar maharba ta ƙasar.

Kim ya shiga wannan layi yana aji uku na firamare. Malamar da ta horar da shi a sakandare ta bayyana wa 'yan jarida cewa yaro ne mai yawan wasa da tsokana da gardama, shi ya sa aka tura shi filin harbi ko ya koyi natsuwa. A gida kuwa hannun kakarsa ya tashi, daga baya kuma mahaifinsa ya kwanta rashin lafiya. Wato dai ba ɗan gata ba ne. Makaranta ce ta ba shi baka, ita ta ba shi fili, ita ta ba shi mai koyarwa.

WATANNI BA A TAƁA KIBIYA BA

Mu Hausawa baka ba baƙonmu ba ne. Muna da kwari, muna da tsirkiya, muna da Sarkin Baka, kuma har yau a ƙauyuka maharba suna nan. Sai dai wanda ya ga yadda ake koyar da yaro a Koriya zai yi mamaki, domin sabon shiga yakan yi watanni bai saki kibiya ko ɗaya ba. Da roba mai miƙewa ake fara masa. Ya koyi tsayuwa, ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa. Ya koyi ɗaga hannu, ya ja robar har hannunsa ya zo ƙarƙashin haɓa, ya tsaya a nan, sa'an nan ya saki. Gobe ma haka, jibi ma haka, a gaban madubi, mai horarwa yana gyara masa gwiwar hannu da wuya.

Dalilin wannan a fili yake. Asirin harbin gasa shi ne mutum ya maimaita abu ɗaya ba tare da ya sauya ko kaɗan ba. Idan tsirkiya ta taɓa hanci da leɓe a wannan harbi, to a na gaba ma nan za ta taɓa. Idan yatsu suka saki da ɗan fizga, kibiya ta kauce. Yaron da aka bari ya fara harbi da wuri, hankalinsa yana tafiya kan allo, ya riƙa neman maki ta kowane hali, jikinsa ya saba da karkatacciyar tsayuwa wadda gyaranta sai an sha wuya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, ku duba abin da wannan ke yi wa yaro mai ƙiriniya. Ƙarfin da yake kashewa wajen tsokana ya sami wurin zuwa, domin jan baka aiki ne na baya da kafaɗu, kuma yaro yana tashi daga fili a gajiye. Sa'an nan ga alƙali wanda ba ya son kai. A aji yaro yana iya cewa malam ne ba ya ƙaunarsa. A filin harbi kuwa shi zai taka da ƙafarsa ya je ya ga inda kibiyarsa ta faɗa, ya rubuta makinsa, abokin karawarsa yana kallo. Mai gardama ya rasa wanda zai yi da shi sai kansa.

Kim ya kama abin da hannu biyu. Kafin ya gama firamare ya riga ya fara kwashe lambobi a gasannin yara na ƙasa. A 2016 wani gidan talabijin na ƙasar ya haɗa shi karawa da wata 'yar sakandare daga ƙasar Sin wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Aka yi kunnen doki, aka koma kibiyar raba gardama, ya cinye.

YADDA AKE GASAR

Domin mai karatu ya gane nauyin abin da za mu faɗa nan gaba, ga yadda tsarin yake a Olamfik. Tsakanin maharbi da allo mita 70 ne, wato kusan kashi biyu cikin uku na tsawon filin ƙwallo. Faɗin allon santimita 122 ne, an zana masa zobba goma. Na waje farare ne, makinsu 1 da 2, sai baƙaƙe, sai shuɗɗa, sai jajaye, sai rawaya a tsakiya mai maki 9 da 10. Zoben maki 10 faɗinsa santimita 12.2 ne kacal, kamar bakin ƙaramin kwanon sha. Daga inda maharbi yake tsaye, ɗigo kawai yake hange, ga iska tana kaɗawa.

Ranar farko kowa zai harba kibiya 72, cikakken maki 720, a jera mutane daga na ɗaya zuwa na 64. Daga nan sai sili-ɗaya-ƙwale: na ɗaya ya kara da na 64, na biyu da na 63, haka har ƙarshe. Ana yin karawar zubi-zubi, kowane zubi kibiya uku. Wanda ya ci zubi ya sami maki biyu, in an yi daidai a raba ɗaya-ɗaya, wanda ya fara kai shida ya wuce. Kowace kibiya daƙiƙa 20 ake ba mutum. Akwai kuma gasar ƙungiya ta mutum uku, da ta mace da namiji.

KAFAƊA TA ƘI

Ba a samun irin wannan ƙwarewa a banza. Kim yana harba kibau ɗari-ɗari kowace rana, kuma an san shi da cewa in harbi bai yi masa daidai ba, ba ya barin fili. Wannan naci shi ya kai shi gaba, shi ne kuma ya kusa karya shi. Lokacin da aka fara tantance waɗanda za su wakilci Koriya a Olamfik ɗin Tokiyo ta 2020, ciwon kafaɗa ya tilasta masa janyewa. Yaro ɗan shekara 15 ya koma gefe yana jinya, wasu suna harbi.

Sai ga annobar korona. A watan Maris na 2020 aka ɗage gasar zuwa 2021. Ƙungiyar maharba ta Koriya ta yanke shawarar a sake tantancewar daga farko. A nan ya kamata a san wata al'ada tasu: a wurin tantancewa ba a duba sunan kowa, ba a duba lambar da ya taɓa ci. Ki Bo-bae, wadda ta ci zinariya biyu a Landan a 2012, ba ta sami shiga tawagar wasannin Asiya ta 2014 ba. Ana yin gwaji bayan gwaji har tsawon watanni, makin da mutum ya tara shi ne hujjarsa. Kim, wanda kafaɗarsa ta samu, ya shiga ya fito cikin maza uku da aka zaɓa. Sauran biyun su ne Kim Woo-jin da Oh Jin-hyek, zakaran Olamfik na 2012, wanda ya girme shi da fiye da shekara 20.

IHU A FILIN DA BA KOWA

A Tokiyo ba a bar 'yan kallo sun shiga ba saboda annoba. Filin harbi kuwa dama wuri ne na shiru. Sai ga wannan yaro yana daddagewa yana kwarara ihun ƙarfafa gwiwa da Koriyawa ke yi wa 'yan wasansu, har muryarsa tana cika fili. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce rashin kunya ce. Malamarsa ta bayyana cewa tsoro ne yake kora da ihun, kuma abin yana ba ta tausayi, domin ta san irin nauyin da ke kansa. Ashe ƙiriniyar tana nan ba ta mutu ba, linzami aka sa mata.

A ranar jera maki ya zo na ɗaya cikin maza da maki 688. Koriya ta riga ta ce namiji da macen da suka fi maki a wannan rana su za su shiga gasar mace da namiji, wadda a lokacin aka fara yin ta a Olamfik. Sai abin ya faɗa kan ƙananan tawagar biyu, shi da An San mai shekara 20. Ranar 24 ga Yuli, 2021, suka kara da Holan a wasan ƙarshe. Aka cinye su a zubin farko, suka farfaɗo suka ci 5 da 3.

Kwana biyu bayan haka aka yi gasar ƙungiyar maza. A wasan kusa da na ƙarshe suka haɗu da Japan mai masaukin baƙi, aka tashi 4 da 4. Aka koma raba gardama, kowane mutum kibiya ɗaya. Nan ma aka yi 28 da 28. Doka ta ce a auna kibiyar da ta fi kusa da tsakiyar allo. Ta Kim Je-deok tana santimita 3.3 daga tsakiya, ta Japan tana wajen 5.7. Tazarar da ba ta wuce faɗin babban yatsa ba ita ta kai Koriya wasan ƙarshe, inda suka doke Taiwan 6 da 0.

Washegari kuwa sai duniya ta nuna masa ɗaya fuskarta. A gasar mutum ɗaya, inda ba wanda zai tsaya a bayansa ya ba shi baki, wani Bajamushe mai suna Florian Unruh ya fitar da shi tun a zagaye na biyu, 7 da 3. Wanda ya zo na ɗaya cikin 64 bai kai ko cikin 16 na ƙarshe ba. Ya koma gida da zinariya biyu da kuma sanin inda rauninsa yake, ya koma makarantarsa ta Gyeongbuk Il ya ƙarasa karatunsa.

ƘUDAN ZUMA A PARIS

Ƙaramin yaro ya yi abin mamaki sau ɗaya ba sabon abu ba ne. Da yawa sun yi, suka ɓace. A 2024 aka sake tantancewa kamar yadda aka saba. An San, wadda ta ci zinariya uku a Tokiyo, ba ta sami shiga tawagar Paris ba. Kim ya shiga, yana da shekara 20.

Ranar 29 ga Yuli, a wasan kusa da na ƙarshe da ƙasar Sin, ya ja baka ke nan yana bara, sai ƙudan zuma ya zo ya sauka a hannunsa. Agogo yana tafiya. Bai sauke bakan ba, bai girgiza hannu ba, ya saki kibiya ta shiga 10. Yaron da a da ba ya iya zama a benci ke nan. A wannan rana suka doke Faransa a gidanta 5 da 1, ya sami zinariyarsa ta uku.

A gasar mutum ɗaya ya kai cikin takwas na ƙarshe, inda Ba'amurke Brady Ellison ya fitar da shi. Sai a watan Satumba na 2025, a gasar duniya da aka yi a birnin Gwangju na ƙasarsu, ya ci lambar tagulla shi kaɗai ba da kowa ba. Zagaye na biyu a 2021, takwas na ƙarshe a 2024, na uku a duniya a 2025. Sannu ba ta hana zuwa.

NAMU MAHARBIN

A wannan fili na Paris akwai ɗan ƙasar nan, Israel Madaye, wanda ya riƙe wa Chadi tuta a bikin buɗe gasar. Ya zo na 64 a jeri, saboda haka ya faɗa hannun na ɗaya, wato Kim Woo-jin, abokin harbin yaron da muke magana a kansa. Aka cinye shi 6 da 0, har kibiyarsa ɗaya ta faɗa zoben fari mai maki 1. Da Koriyawa suka ji tarihinsa sai suka yi ta aika masa saƙonnin yabo, wani kamfaninsu mai ƙera kayan harbi kuma ya ɗauki nauyin ba shi kaya. Kafin shi, Marlyse Hourtou ta wakilci Chadi a wannan wasa a Tokiyo.

Madaye mai gyaran lantarki ne, bai fara riƙe baka ba sai da ya kusa shekara 20, kuma yawancin abin da ya iya da naci ya koya, ba isassun kaya, ba fili na kirki. Ya je Paris yana da shekara 36. Wanda ya kara da shi tun firamare yake harbi a ƙarƙashin mai horarwa. Duk wanda ya kai Olamfik ta hanyar da Madaye ya bi, ba za a ce zuciya ko basira ya rasa ba. Makarantar da za ta kama shi yana ɗan shekara tara ce bai samu ba.

ABIN DA ZA MU IYA ƊAUKA

Kada a ɗauka tsarin Koriya ba shi da aibu. Su kansu sun daɗe suna muhawara a kan yaran da ake cika wa horo har karatunsu ya lalace, shi ya sa hukuma ta kafa ƙa'idar mafi ƙarancin makin da ɗalibi ɗan wasa zai samu a aji. Ciwon kafaɗar Kim ma gargaɗi ne. Kuma cikin dubban yaran da ke harbi, maza uku da mata uku kaɗai ke zuwa Olamfik sau ɗaya a shekara huɗu. Uban da ya sa ɗansa wasa don zinariya kawai, zai fi yawan komawa gida da ɓacin rai.

Akwai wani tsarin da ya fi kusa da ƙarfinmu. A 2002 aka fara shi a makarantu 21 na jihar Kentaki ta Amurka, daga baya ya bazu har Afirka ta Kudu da Namibiya. A cikin darasin motsa jiki ake yi, malaman makarantar ake horarwa su koyar. Kowane yaro, mace ko namiji, baka iri ɗaya yake riƙewa, ana harbi daga mita 10 da mita 15, kibiya 30, cikakken maki 300. Da usur ake tafiyar da komai: busa biyu a ɗauki baka, busa ɗaya a yi harbi, busa uku a je a ciro kibau, busa biyar kowa ya tsaya cak. Iyayen da ke tsoron kada a tsone wa wani ido, amsarsu tana cikin wannan ƙa'ida, kuma ita kanta ƙa'idar rabin tarbiyyar ce.

Mu da muke zaune tsiraru a cikin wasu al'ummu, 'ya'yanmu suna shiga aji da harshen da ba shi suka sha a nono ba. Sau da yawa yaron da ake kira daƙiƙi ko fitinanne, Faransancin ne bai kama ba tukuna, zaman ya gundure shi. Irin wannan yaro yana bukatar wuri ɗaya a makaranta inda zai ga ƙoƙarinsa ya zama lamba a takarda, makon jiya 120, wannan mako 135. Wanda ya ɗanɗana haka a fili, ya fi sauƙin yarda cewa lissafi da karatu ma haka suke. Yana kuma samun dalilin zuwa makaranta ran Litinin.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin iyayen yara da shugabannin makarantu da masu hali a cikinmu. A nemi ƙungiyar maharba ta ƙasa a ji abin da za ta iya taimakawa da shi. A sami fili mai katanga a baya, da malami ɗaya da zai karɓi horo, da 'yan bakuna kaɗan da yara za su riƙa karɓa-karɓa. A fara da roba kamar yadda Koriyawa ke yi, domin wannan ba ta da tsada. A sa sharaɗi cewa wanda ya yi fashin aji ba zai taɓa baka ba a wannan mako. Inda baka bai samu ba, a yi da gudu ko kokawa ko langa, muddin akwai malami mai lura, da ƙa'ida, da littafin rubuta maki, da gasa tsakanin makarantu a ƙarshen zango.

Ga iyaye kuma, kafin a yanke hukuncin cire yaro daga makaranta saboda ƙiriniya, a je a zauna da malaminsa a tambaye shi ko akwai abin da aka taɓa gwada yaron da shi ban da bulala. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya sa su fi mu amfani. Amin.